Wa Zai Busa Wa Mai Bigila?

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, da mai bigila da mai ludayi. Ranar Talata sha huɗu ga watan Mayu, bayan an sauko daga sallar asuba gari ya yi haske, Allah Ya karɓi ran Saje Poniran mai ritaya a gidansa da ke Banyurejo, yana da shekara saba'in da bakwai. Matarsa, Bu Tuminah, ta ce ya rataye kejin kurciyarsa a baranda kamar yadda ya saba, ya zauna kan kujera yana jiran kofi. Da ta kawo ta same shi kai a sunkuye, har ta fara yi masa faɗan komawa barci da sassafe kafin ta gane. Ya bar ta da 'ya'ya huɗu, da jikoki goma sha ɗaya, da tsohuwar bigila wadda ta lotsa a wuri biyu. Ya kuma tafi ya bar ni, wannan kuwa shi ne babban rashin kirkin da ya yi mini cikin shekara hamsin da biyar da muka yi tare.

Ni ne Kofur Sarjiman mai ritaya, kukun kamfanin sojan da ya yi aiki a ciki. Ranar Talatar nan aka yi addu'ar bakwai, baƙi sun watse, an naɗe tabarmi, shi ya sa na samu zama in rubuta wannan. Kang Poniran, da kai zan yi magana, don ban saba yin zancenka a bayan idonka ba, duk tsiyar da zan yi maka a gabanka nake yin ta. Kang, wato yaya, nake ce maka tun ranar da aka yi mana askin kurata tare, saboda ka girme ni da shekara biyu, kuma ba ka taɓa bari na manta da shekara biyun nan ba.

Kai aka ba bigila, ni aka ba tukunya. Shekara talatin da ɗaya kana tashin bataliya kana kwantar da ita, ni ina ciyar da ita, amma har yau in an tuna da mu sai a ce "mai busar nan da abokinsa". Wannan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ban kuma manta da abin da ka yi mini a dajin kan iyaka a Kalimantan ba, ranar da yunwa ta kama ka, ka busa kiran abinci alhali shinkafa ko tafasa ɗaya ba ta yi ba. Mutum ɗari da ɗoriya suka jeru da kwanukansu suna kallona. Da Kyaftin ya tambaye ka dalili, ka ƙame ka ce agogonka ne ya yi gudu saboda zafin daji. Ni na sha horo ran nan, kai kuwa ka zo da yamma kana tambaya ko an rage ƙanzo.

Abin da mutanen garin nan za su fi tunawa da kai ya fara ne bayan mun tuɓe kaki. A shekarar da muka yi ritaya Kofur Saliman ya rasu. Saliman ya riga mu shiga aiki, ya bar ƙafarsa ta hagu a wancan dajin, ya ƙare rayuwarsa yana gadin babura a bakin kasuwa. Iyalinsa suka nemi a turo sojoji su raka shi da tuta kamar yadda ake yi wa tsohon soja. Aka ce su kawo takardar sallamarsa. Takardar kuwa ambaliya ta daɗe da tafiya da ita, tare da katifa da kaji. Aka ce to sai an bincika. Gawa ba ta jiran bincike, muka ɗauke shi mu tara, har da liman.

Maƙabartar garinmu bango ɗaya ya raba ta da bariki, kuma a kusurwar bangon akwai hasumiyar gadi. Muna mayar da ƙasa, ni kaina a sunkuye, kai kuwa ka ɗaga ido ka ga sojan da ke gadi yana leƙo mu. Sabon farabiti ne mai suna Suwandi, kakinsa ko koɗewa bai fara ba. Da muka zo wucewa ta gindin hasumiyar ya ce, "Pak," wato baba, "wa aka binne?" Ka ce masa, "Kofur ne na bataliyar nan. Shekara ashirin da shida ya yi cikin irin rigar da ke jikinka." Ya dube mu mu tara, ya dubi kabarin, ya ce, "Shi ke nan, Pak? Haka ake yi?" Har muka isa gida ba ka ce uffan ba, ni kuwa a iya sanina ba ka taɓa yin shirun rabin awa ba sai in kana cin abinci.

Washegari da hantsi ka zo gidana da tsohuwar bigilar da aka bar maka lokacin da aka sayo wa bataliya sababbi, ka goge ta da toka da lemon tsami tana walƙiya. Ka ce, "Jiman, ta da babur." Muka koma maƙabarta, ka tsaya kan kabarin da ko bushewa bai yi ba, ka ƙame, ka busa wa Saliman kiran ƙarshe, wanda ake sallamar soja da shi. Da ka sauke na ce, "Kang, wannan ai wahalar banza ce, Saliman ba ya ji." Ka ce, "Wa ya ce maka don Saliman nake yi? Saliman ya gama nasa faretin. Dubi can." Na waiga, sai ga Suwandi a kan hasumiya ya ƙame yana sarawa.

Na daɗe ina juya wannan maganar, kuma na yarda da kai, ko da yake ban taɓa faɗa maka ba don kada kanka ya ƙara girma. Ba na cewa ƙasar nan ta yar da mu. Fansho yana zuwa, asibiti yana karɓar mu in mun jure wa layi, kuma duk sha bakwai ga Agusta, ranar 'yancin ƙasa, ana zaunar da mu a sahun gaba ƙarƙashin rumfa, a kira mu 'yan mazan jiya, a miƙa mana kwalin kek da ayaba. Amma sabon soja ba a ranar fareti yake auna mu ba. Yana kallon mu ne ranar Talata ko Laraba, a bakin kasuwa, a layin magani, da kuma ranar da aka ɗauko mu a makara. In ya ga an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, ba sai an gaya masa cewa shi ne gangar gobe ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Irin wannan sojan in ka ce ya shiga daji zai shiga, don oda ce, amma da ƙafa ɗaya zai shiga, ɗayar tana waje tana laluben hanyar gida. Ni kuku ne, na san abin da nake faɗa. Mutumin da zuciyarsa ta fita daga aiki, a kwanonsa nake fara ganewa.

Daga ran nan har shekara ashirin da huɗu, babu tsohon sojan da aka binne a gundumar nan ba ka busa masa ba, da mai takarda da marar takarda, da kanar da farabiti, da Musulmi da Kirista. Mun shiga ƙauyukan da sai mun sauka mun tura babur, mun busa cikin ruwan sama ina riƙe maka lema. Ni ne direba, kai ne maigida a baya kana gyara mini tuƙi, kai da ko keke ba ka iya juyawa a lungu. Da farko liman bai so ba, ya ce maƙabarta ba filin fareti ba ce. Ka je gidansa da nonon ayaba, kuka daidaita: sai an gama addu'a an shafa, sannan ka tsaya a wajen shinge, gindin bishiyar kamboja, ka yi naka. Daga baya shi da kansa in ya shafa fatiha yakan waiga ya ce, "To, Pak Poniran, bisimilla."

Shekara tara da suka wuce haƙoranka na gaba suka zube, bigila kuwa ba ta busuwa sai da haƙori. Ka yi wata biyu kamar wanda aka yi wa rasuwa, har Bu Tuminah ta gaji ta kai ka aka yi maka na roba. Ba ka taɓa cin abinci da su ba. Naɗe su kake yi cikin hankici ka sa a jakar bigila, ka ce kayan aiki ne, ba a wasa da kayan aiki. A gidan biki sai a gan ka kana mamular soyayyen tempe na waken soya da dasashi, haƙoranka suna gida suna hutawa. A jana'izar Saje Kasiran ne suka ci amanarka. Ka janye bigila daga baki don ka ja numfashin dogon sautin nan na rufewa, sai suka biyo ta suka faɗa cikin ciyawa. Ka durƙusa ka ɗauka, ka goge a wando, ka mayar, ka fara daga farko, fuskarka babu alamar wasa. Matar mamacin, wadda tun safe take kuka, ta toshe baki da gyale tana dariya har tana riƙe ciki. Daga baya ta ce mini da mijinta yana nan da ya fi kowa darawa.

Ana nan zamani ya canja, bariki ya daina koyar da busa. Yanzu lasifika ce ke tashin sojoji, in za a binne wani babba kuma sai a zo da waya a jona a kunna. Mun halarci irin wannan jana'izar, ta wani manjo. Sautin ya fita tsaf ba gargada, amma yana ƙarewa, kafin mai wayar ya kai hannu, sai ga kiɗan rawar biki ya ɓarke a tsakiyar maƙabarta. Ka jira jama'a ta ragu, ka sa haƙoranka ka busa wa manjon ta gaskiya. A hanyar komawa ka yi ta zungurina a bayan babur kana cewa, "Jiman, ka ji ko? In ka bari aka kunna mini waya, wallahi sai na biyo ka har kicin." Na ce, "Haba Kang, ai ni zan riga ka, kai za ka busa mini." Ka ce, "Kai? Irinku ba ku mutuwa da wuri, sai kun ga bayan kowa."

Raha ce, amma akwai gaskiya a ƙarƙashinta. Mu talatin da takwas aka yi wa aski tare, kuma shekara uku da suka wuce muka binne na talatin da shida, muka rage ni da kai. In na riga ka, ina da mai busa mini. In ka riga ni, mutumin da ya raka kowa zai tafi shiru. Ka nemi wanda za ka koya wa ka rasa. 'Ya'yanka maza biyu suna Jakarta da Surabaya suna aikin ofis, jikoki kuma sun fi son gita. Sai ka dube ni sama da ƙasa, ka yi ajiyar zuciya ka ce, "To, da babu gara ba daɗi."

Haka muka fara, kowace Litinin da Alhamis bayan la'asar, a bakin gonar shinkafa da ke bayan gidanka, don Bu Tuminah ta ce ba a cikin gidanta ba. Na gaya maka icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙirjin da ya sha taba mai kanumfari shekara hamsin ba shi da iskar da zai ba ƙarfe. Ka ce, "Kai da ka yi shekara talatin kana hura wuta da ɗanyen itace, yau ɗan ƙarfen nan ne zai gagare ka? Matse leɓe, kamar za ka tofar da ƙwayar kankana." Na matse na hura. Agwagin maƙwabcinka suka watse, ɓaunar da ke kiwo a ƙetaren gona ta ɗaga kai ta amsa mini. Ka zauna a ƙasa kana dariya har kana dukan cinya.

Shekara uku muna wannan. Na kai inda nake fitar da sautin farko da na biyu in Allah Ya so, na uku kuwa, wanda yake hawa sama, ban taɓa kama shi ba ko sau ɗaya. Litinin ɗin ƙarshe ka karɓi bigilar daga hannuna, ka goge ta da bakin rigarka, ka ce, "Ba komai. Ko kukan akuya ne, in dai daga ƙirjin mutum ya fito, na karɓa." Washegari ka tafi.

Babban ɗanka, Harjono, ya kira ofishin da ke kula da mu tun yana kan hanya. Takardunka a cike suke, aka ce za a turo tuta da sojoji shida da kuma wayar. Bu Tuminah ta ce tuta marhabin, sojoji marhabin, waya kuwa a bar ta a aljihu. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko jakar ta ɗora mini a cinya, ta ce, "Dik Jiman, ƙanena, alkawari kuka yi." Na buɗe na ga hankicin haƙoranka a ciki, nan ne fa hawayen da nake riƙewa tun safe suka ƙwace mini. Ban taɓa jin tsoro irin na ran nan ba, ko a daji. Dariya na saba a yi mini, ba ta dame ni ba. Tsoron da nake ji shi ne in kunyata ka a gaban mutanen da ka yi wa nasu tsaf.

Bayan azahar aka sallace ka aka kai ka makwancinka. Jama'a ta cika maƙabarta har kan hanya, yawancinsu mata da 'ya'yan waɗanda ka busa wa. Liman ya yi addu'a aka shafa, ya waiga wajen bishiyar kamboja kamar kullum, har ya buɗe baki zai kira sunanka, sai ya tuna. Ya dube ni ya ce, "To, Pak Sarjiman, bisimilla."

Na tsaya inda kake tsayawa, na ƙame iya ƙamewar da gwiwoyina suka yarda. Sautin farko ya fita, yana rawa amma ya fita. Na biyu ya biyo shi da ƙyar. Na tattara duk iskar da ta rage mini na nufi na uku, sai bigilar ta yi wani irin kuka wanda ko ɓaunar nan ba za ta amsa ba. Na sake, ba abin da ya fito sai iska. Na sake, tari ya sarƙe ni. Na tsaya da ƙarfe a hannu, maƙabarta ta yi tsit, ina cewa a raina, Kang, ka yafe mini, na kasa.

Sai na ji karin ya ci gaba daga inda na tsaya. Muryoyin maza ne masu kauri, baki a rufe, suna jan sa daga maƙogwaro. Na waiga wajen bariki. Ashe an buɗe ƙofar bayan nan da ba a cika buɗewa ba, sojoji sun fito sun jeru a gindin bango sahu uku, sun fi ɗari, ban san lokacin da suka zo ba. Babu mai bigila a cikinsu, babu wanda aka taɓa koya wa. Amma shekara da shekaru suna jin ka ta kan bangon nan, suna wanki, suna goge takalma, suna gadi, har karin ya zauna musu a ka. Suka hau sautin na uku ba gargada, suka kai shi inda kake kai shi, suka ja dogon nan na rufewa har ya ƙare a hankali. A gabansu wani samanja ne mai furfura a gefen kai, hannunsa a goshi. Sai da na goge idona na gane Suwandi ne.

Da aka fara watsewa ya zo ya kama hannuna ya kai goshinsa, ya ce, "Mbah, kakana, ba wanda ya turo mu. Izini kawai na nema wajen Kwamanda, na ce mai so ya fito. Wallahi sai da muka yi ƙuri'a kafin a samu masu zama gadi." Sannan ya gaya mini abin da ko kai ba ka sani ba. Ranar da aka binne Saliman, yana saukowa daga hasumiya ya rubuta takardar barin aiki, da niyyar miƙa ta ranar Litinin. Washegari ya ga tsofaffi biyu sun dawo da babur da bigila. Takardar tana nan har yau a ƙasan akwatinsa, ya ce yakan ɗauko ta ya nuna wa kurata in ya ga jikinsu ya yi sanyi, ya ba su labarin abin da ya hana shi miƙa ta.

Ya roƙi a ba bariki bigilar, Bu Tuminah ta amince, Kwamanda kuma ya ware sojoji biyu da za su koyi busa. Haƙoran dai ta ce nata ne. Da zai tafi Suwandi ya dafa kafaɗata ya ce, "Mbah Jiman, don Allah ka daure kada ka mutu sai nan da wata shida. Kafin nan sun iya." Na ce masa ya wuce ya ba ni wuri, marar kunya, tarbiyyar Poniran ce. Amma dai na rage shan taba.

Jiya Alhamis ƙafata ta kai ni bakin gonar nan bayan la'asar ban sani ba. Agwagi suna kiwonsu ba mai korar su, ɓauna tana kwance cikin taɓo. Na yi kewarka, Kang, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba. Na kasa maka sauti na uku, amma ka ce ba don matattu kake busawa ba, don masu gadi ne. To, masu gadin sun ji.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Bu Tuminah, wadda ta haƙura da busa a tsakar gidanta shekara hamsin, da Harjono da ƙannensa, da jikoki, da 'yan mazan jiya na gundumar nan, da sojojin da ke bayan bango. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen in ya zo.

Kai kuma Kang Poniran, Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka kurakuranka. Shinkafar Kalimantan ni na yafe, duniya da lahira. Allah Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi, Ya saka maka da alheri gwargwadon kowace gawa da ka raka da kowace zuciya da ka tsayar. Ka yi shekaru kana tashin mutane daga barci suna ƙorafi. Ranar da za a busa ƙaho a tashi kowa, Allah Ya sa ka tashi cikin aminci da murna, a sahun waɗanda Ya yarda da su. Amin.